Mai Ciwon Ƙoda Da Azumi



Yau magana ce kan bawan Allah da ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, likita ya ce ƙoda ce, amma da an ga wata sai ya ɗauki azumi don kada a ce ya gaza. Awa goma sha uku ba ko kurɓin ruwa, a ƙasar da zafin bazara kan kai digiri 40! Ƙoda kuwa da ruwa take tace jini, ta fitar da dattinsa ta fitsari. Wadda ta riga ta raunana, ƙishirwa na iya ƙarasa ta.

Buɗa-bakin ma akwai tarko. Dabino da ayaba cike suke da sinadarin fotashiyam, in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya. Ga gishiri, ga kanwa, ga ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ake saye a tire, ana kora su da kunu.

Ba kowane mai ciwon aka hana ba; na farko-farko likita kan bari ya yi, da sa ido. Amma wanda ake yi wa wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato, Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, ta ba shi rangwame: ramuwa in ya warke, ciyar da miskini in ciwon ya zama na dindindin.

Baba, Inna, a ga likita tun cikin Sha'aban, a kuma tambayi malam. Ku kuma 'yan gida, ku daina yi musu gori.