Sifirin Ɗin Bayan Babur da Lafiyar 'Ya'yanmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya, a Unguwar Sarki, Kaduna

 

Da aka ba mu damar yin jawabi, wasu sun zaci batun makaranta za mu ɗauko, tun da a can muka tsufa. To, yau a kan babur za mu yi magana, a babur ɗin ma wani ƙarfe guda da ke ƙarƙashin kujera, wato sifirin ɗin shakazobar baya. Dalili kuwa shi ne, yawancinmu da ke zaune a birni mun taɓa saya wa ƙane ko ɗa babur muka aika gida domin ya nemi abinci. A kansa ake kai buhun masara kasuwa, a kansa ake kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Muna tambayar kuɗin mai, muna tambayar ciniki, amma da wuya a ji wani ya tambayi lafiyar abin da ke ɗauke da duk wannan nauyi.

Mu tuna cewa a 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa, a 2014 kuma aka kafa irin wannan doka a cikin garin Kaduna da wasu ƙananan hukumomi. Da yawa daga cikin yaranmu sai suka koma gida da baburansu, suka bar kwaltar titin Ali Akilu suka kama hanyar burji mai ramuka da kwazazzabai. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma, kowa ya ga yadda lodi ya ƙaru: tafiyar da a da ake yi sau biyu, yanzu sau ɗaya ake haɗa ta.

Shakazoba abu biyu ce a haɗe. Akwai sifirin, ƙarfen nan mai murɗe, wanda shi ke ɗaukar nauyi. A cikinsa kuma akwai bututu mai ɗauke da mai, wanda aikinsa shi ne hana babur ya yi ta tsalle bayan ya faɗa rami. Waɗanda suka zauna ajin kimiyya za su tuna da Robert Hooke, masanin Ingila da ya bayyana a 1678 cewa sifirin yana lotsawa ne gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Amma wannan ƙa'ida tana da iyaka. In aka riƙa ƙetare ta kullum, ƙarfen zai gaji, ya gajarce, ya ƙi komawa yadda yake. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: bayan babur ya zauna, taya tana gugar madigadi, ana jin ƙwal idan an shiga rami, a kwana kuma babur yana lilo. Tayar da ba ta manne da ƙasa kuwa, birki ba ya kama ta yadda ya kamata.

A nan ne dabarun ganganci ke shigowa. Wani ya sa sifirin a wuta ya miƙe shi, bai san wuta ta kashe ƙarfin ƙarfen ba. Wani ya kai wa mai walda wanda ya karye. Wani ya cusa guntun taya a tsakanin zobban. Wani kuma ya ƙara shakazoba biyu a kan biyun da kamfani ya sa, domin ya ɗora buhu uku da mai buhun. Gaskiya ne bayan babur ya daina lotsawa, amma ƙarfen jikinsa, da wayoyin taya, da birki duk suna nan yadda aka ƙera su, nauyin sai ya koma kansu. Mu dai ba mu ga hikima a ciki ba.

Canjin da aka yi bisa ƙa'ida ba ya da wahala. Ana kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, a tallafi tayar baya, a kwance shakazoba ɗaya bayan ɗaya. Sai a mayar da zoben saiti na ƙasa zuwa mataki mafi laushi. Abin da muke so a riƙe shi ne, sifirin a danne yake ko da babu kowa a kan babur. Wanda ya saki abin da ke riƙe da kansa ba tare da ya matse shi da ƙarfen matsewa ba, zai iya tsalle ya fasa masa ido ko ya karya masa yatsa. Yaran gareji sukan danne shi da sukundireba biyu da ƙarfin hannu, wannan kuwa wasa ne da lafiya. Bayan an cire tsohon, a danna sandar bututun da hannu a ja ta. In tana tafiya sakaka, ko an ga mai ya jiƙa ta, sabon sifirin ba zai yi maganin komai ba, shakazobar gaba ɗaya za a canza. In tana da ƙarfi, sai a sa sabo mai tsawo da kauri irin na asali. Alal misali, wasu baburan Bajaj suna zuwa da ƙaramin sifirin a cikin babba, don haka na Jincheng ko Haojue ba lallai ya dace da su ba. A canza hagu da dama tare, a daidaita zoben saiti a mataki ɗaya, a duba robobin sama da ƙasa, sannan a sauke babur kan tayoyinsa kafin a yi ɗaurin ƙarshe na notina.

Sau da yawa mai shago zai ce shakazoba sukutum kawai yake da ita. Ba laifi, a saya, amma a tafi da tsohuwar a gwada tsawo, kuma a guji wadda aka yi wa fenti aka ce sabuwa ce.

Saboda haka muna gabatar wa kwamitin ayyuka roƙo. Ga Panteka nan kusa da mu, inda aka daɗe ana koyar da aikin ƙarfe da kanikanci. Ƙungiya ta zaɓi yara biyu daga gida, ta nema musu gurbi wurin maigida na kirki, a nan ko a can, ta ɗauki nauyin cinsu da kwanansu, in sun gama ta sallame su da akwatin kayan aiki wanda ke da ƙarfen matse sifirin a ciki. Mu kuma da muka aika babura gida, idan mun je hutun Sallah, mu sa a fito da su, mu danna kujerar baya da hannu biyu mu saki. In ta taso sau ɗaya ta tsaya, madalla. In ta yi ta rawa, kada a sake ɗaukar kowa a kai sai an kai gareji.

Muna fatan sakatare zai sa wannan roƙo cikin ajandar zama na gaba.