Kada A Kwana Da Tabaraun Cikin Ido



Maganata ta yau a kan tabaraun nan ne da ake liƙawa a ƙwayar ido, wanda masu Faransanci ke kira lentille. Wasu likita ne ya rubuta musu, amma mafi yawan wanda muke gani mai launi ne na kwalliya, musamman a idon amare. Amarya ta yini da shi, ta gaji da hidimar biki, barci ya ɗauke ta ba ta cire ba. Da asuba sai ido ya yi ja, yana hawaye, kamar an zuba masa yashi.

Ga dalili. Fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido ba ta da jijiyar jini; daga iska take samun abin da ke raya ta. In mutum ya rufe ido, iskar da ke isa gare ta takan ragu. In kuma akwai tabarau a kai, sai ta ƙara raguwa, fatar ta kumbura, ta yi rauni. Ƙwayoyin cutar da suka maƙale a ƙarƙashin tabaraun sun sami ɗumi da laima, babu kuma ƙiftawar da za ta wanke su. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana a 2018 cewa kwana da shi yana ninka haɗarin kamuwa da cutar ido sau 6 zuwa 8. Akwai ƙwayar da kan ci fatar idon cikin kwana 2 kacal, ta bar farin tabo, hakiyar da ba ta gushewa. Ku haɗa da hayaƙin zemijan da ƙurar hunturu da idon ya sha tun safe.

Wanda ya farka da shi kada ya fizge shi, domin ya bushe ya manne. Ya wanke hannu da sabulu, ya ɗiga ruwan jiƙa ido na kantin magani, ya jira kaɗan, sannan ya cire a hankali, ya bar idon ya huta ranar. Ruwan famfo, na rijiya ko yawu ba su dace da tabaraun ba, kuma ba a aron na ƙawa, kome kusanci.

Inda na fi jin tsoro, iyayenmu mata, shi ne maganin gida. Kada a sa kwalli, ko nonon mai shayarwa, ko ruwan sukari. Kada kuma a sayi maganin ɗigawa a tebur. Wasunsu na ɗauke da sinadarin da ke kwantar da jan ido, a zaci an samu sauƙi, alhali gyambon yana ƙara zurfi.

Idan zafi bai lafa ba bayan cirewa, ko haske yana damun idon, ko gani ya dushe, ko an ga ɗigon fari a kan baƙin ido, a bar rumfa hannun yaro a nemi likitan ido a ranar. Babban asibitin CNHU Hubert Maga yana da sashen ido. A tafi da tabaraun da ɗan akwatinsa, likita zai so ya duba su.