Adabin Sifaniya na Zamani: Me Ya Haɗa Shi da Malamin Kabi?

Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na reshenmu, wanda ya haɗa malaman Birnin Kabi da na Argungu.

 

An nemi in yi magana a kan karatun adabi a jami'a, na kuwa zaɓi misali mai nisa, wato adabin ƙasar Sifaniya na zamani. Na san wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Dalilina shi ne, duk shekara idan lokacin cike takardar JAMB ya zo, mu yara ke tunkara neman shawara, amsarmu kuma ba ta wuce likita ko lauya ko injiniya. Wanda ya ce harshe da adabi yake so, sai a dube shi kamar ya rasa abin yi. Ina so mu ga abin da irin wannan karatu ya ƙunsa, domin mu daina kashe wa yara gwiwa a kan abin da ba mu bincika ba.

Da farko, ƙasar nan ba baƙuwarmu ba ce kamar yadda muke zato. Ita ce Andalus ta littattafan zaure, inda Musulmi suka yi mulki daga shekarar 711 zuwa 1492. Alfazazi mai Ishiriniya, wadda ake rerawa a Gwandu da Jega da Argungu duk watan Mauludi, a Ƙurɗuba aka haife shi. Ibnu Malik mai Alfiyya, wadda ɗaliban nahawu ke haddacewa, shi ma ɗan Andalus ne. Musulmin da suka saura can bayan faɗuwar daularsu sun rubuta Sifaniyanci da baƙaƙen Larabci, kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa, sunan rubutun nasu kuma tushensa ɗaya da kalmar ajami. Har yau magajin gari a Sifaniyanci “alcalde” ake ce masa, daga kalmar Larabcin da ta ba mu “alƙali”.

To, mene ne ɗalibin jami'a ke karantawa idan an ce adabin Sifaniya na zamani? Yawanci akan ba shekarar 1898 muhimmanci na musamman. A shekarar ne Amurka ta ci Sifaniya da yaƙi, ta raba ta da Kuba da Filifin, sauran abin da ya rage mata na babbar daula. Marubutan wannan tsara suka zauna suna tambayar kansu: me ya same mu, ina kuma muka dosa? Cikinsu akwai Miguel de Unamuno, shugaban Jami'ar Salamanka, da Antonio Machado. Shi Machado ɗan'uwanmu ne a sana'a, domin Faransanci yake koyarwa a sakandare a wani ƙaramin gari mai suna Soriya tun daga 1907, kuma ƙasar da ya zauna a cikinta ce ta haifar da diwaninsa Campos de Castilla a 1912. Mu da muka san tarihin zuwan Turawa daular Sakkwato a 1903, irin wannan tambaya ta al'ummar da zamani ya juya mata baya ba ta bukatar tafinta a wurinmu.

Zango na biyu shi ya fi shafar ƙungiya irin tamu. A 1931 sabuwar jamhuriyar Sifaniya ta tura malamai da ɗalibai ƙauyuka da akwatunan littattafai da majigi, aka kafa dubban ƙananan ɗakunan karatu a makarantun karkara. A 1932 mawaƙi Federico García Lorca ya jagoranci ɗaliban jami'a suna yawo gari gari suna nuna wasan kwaikwayo kyauta. Ku dubi daidaituwar lokaci: a 1933 ne aka shirya gasar rubutun Hausa daga Zariya, wadda ta ba mu Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, su ma Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Balewa da Bello Kagara duk malaman makaranta ne. A can da nan, hannun malami ne ya kai littafi ga talaka. Sai dai a Sifaniya abin bai ƙare da daɗi ba. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1936, aka harbe Lorca a watan Agusta na shekarar, Machado ya rasu yana gudun hijira a Faransa a 1939, gwamnatin Janar Franko kuwa ta sa aka tantance malaman makaranta ɗaya bayan ɗaya, aka kori dubbai, aka kashe wasu. Ɗalibin da ya karanci wannan zango ya san dalilin da ya sa azzalumin shugaba ke tsoron mai riƙe da alli.

Shi karatun kansa ya wuce sanin sunaye da shekaru. A ɗauki wasan Lorca mai suna La casa de Bernarda Alba, wato Gidan Bernarda Alba. Mace ce mijinta ya mutu, ta kulle 'ya'yanta mata biyar a gida da sunan makoki na shekara takwas, har abin ya kai autarsu ga halaka. A aji za a tambayi ɗalibi yadda aka gina wasan, da abin da ya sa ba a ganin namiji ko ɗaya a dandali alhali maganar namiji ce ke juya gidan, da abin da tsoron bakin maƙwabta ke yi wa iyali. Yarinyar da ta karanta littattafan Balaraba Ramat Yakubu tana da abin faɗa a wannan aji, tana kuma iya kawo kwatancin da ɗalibin Madrid ba shi da shi.

Akwai kuma zaren da ya iso har bakin Matan Fada. Marubuci Juan Goytisolo, haifaffen Basalona, ya zauna a Marrakesh ta Maroko har ya rasu a 2017. Da ya ga ana neman kassara dandalin masu tatsuniya da mawaƙa na birnin, sai ya tashi tsaye yana rubutu, yana kira ga hukumar UNESCO da ta kare al'adun baka kamar yadda take kare tsofaffin gine-gine. An karrama dandalin a 2001, aka ƙulla yarjejeniyar duniya a kan irin wannan gado a 2003, a ƙarƙashinta kuma aka shigar da bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Alƙalamin marubucin Sifaniya yana cikin abin da ya share wa bikinmu hanya.

Iyaye za su tambaya, kuma suna da gaskiya: wannan karatu zai ci da yaro? Ba zan yi wa kowa alkawarin kujera ba. Abin da zan ce shi ne, Sifaniyanci harshen hukuma ne a ƙasashe kusan ashirin, yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, yana kuma cikin na Tarayyar Afirka. Maƙwabciyarmu ta teku, Ikwatoriyal Gini, da shi take aiki, tana ma da nata marubutan kamar Donato Ndongo. Fassara da koyarwa da aikin jakadanci duk suna neman mai harshe. Hanyar kuma tana iya farawa daga gida. Faransanci da Sifaniyanci 'yan ɗaki ɗaya ne, wanda ya iya ɗaya ya ci rabin ɗayan. Jiharmu tana iyaka da Nijar da Binin, yaron Kamba ko Lolo yana jin Faransanci a kasuwa, ana koyar da shi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɗalibansa kuma kan je Badagiri su goge baki. Daga nan mai himma yana iya tsallakawa.

Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da bai taɓa karance Magana Jari Ce ba, ba zai jure wa littafin wani harshe ba. Saboda haka ina roƙon reshenmu abu biyu. Na ɗaya, kowace makaranta ta ware akwatin littattafai, ko da ashirin ne, na Hausa da Larabci da Turanci, a ɗora wa malami guda alhakin ba da aro da karɓa. Na biyu, malamanmu na harsuna, da 'yan'uwanmu na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, su zauna da ɗaliban ajin ƙarshe kafin cike takardar JAMB, su bayyana musu darussan da mai son harshe da adabi ke bukata. Idan yaro ya zo ya ce adabi yake so, na Hausa ne ko na Larabci ko na Sifaniya, mu fara da tambayarsa littafin da ya karanta, sannan mu miƙa masa wani.

Allah ya albarkaci aikinmu, ya shirya mana zuriyarmu.