Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa a Hannun Mai Bincike



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba matsayin kwamfuta wajen binciken laifi, da sharuɗɗan da kotu take gindayawa kafin ta karɓi abin da na'urar ta tono.

A dā ɗan sanda sawu yake bi, ya nemi wanda ya gani da ido. Yau sawun ɓarawo yana cikin waya. Kowace waya tana da lamba mai alƙaluma 15 wadda ba ta sākewa ko da an musanya layi, kuma kamfani yana ajiye bayanin kowane kira da turken da ya ɗauke shi. Rajistar layuka ta 2011 da lambar BVN ta 2014 sun ɗaure layi da asusun banki a jikin mai su. Saboda haka wayar da aka ƙwace, in ta ɓulla a kasuwar Farm Centre ta Tarauni, ana iya bin diddiginta.

To, amma gano mai laifi daban, tabbatar da laifinsa daban. Dokar hana laifuffukan intanet ta 2015 ta ɗora irin waɗannan shari'u a kan Babbar Kotun Tarayya, wadda reshenta na Kano yake a Gyadi-Gyadi. A can alƙali zai buɗe sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Sashen yana bukatar a nuna cewa an saba aiki da na'urar, tana kuma aiki daidai a lokacin, sannan wanda ke da alhakinta ya sa hannu a takardar tabbatarwa. A shari'ar Kubor da Dickson, ta zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka ciro daga intanet a 2012, domin ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Wannan ne ya sa ƙwararren mai bincike ba ya taɓa ainihin abin da ke cikin na'ura. Kwafi yake ɗauka, ya fitar masa da wata lamba ta lissafi wadda take sākewa in an jirkita ko harafi ɗaya, kana ya rubuta sunan duk wanda na'urar ta bi ta hannunsa. In aka yi sakaci da wannan, sai mai laifi ya kuɓuta, ko kuwa a ɗaure mai gyaran waya wanda bai ji ba bai gani ba.

Don haka ya kamata Jami'ar Bayero da Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil su riƙa gayyato masana tsaro, su zauna da ɗaliban shari'a da na kwamfuta a zaure guda, tun kafin aiki ya haɗa su a gaban alƙali.