Bashin Karatu da Filin Wasa: Jawabin Taron Maraba da Sababbin Ɗalibai



Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A Ingila kuwa hanjin ya yi tsawo. Kafin shekarar 1998 ɗan ƙasa ba ya biyan kuɗin jami'a. A wannan shekara aka sanya fam 1,000, a 2006 ya koma fam 3,000, a 2012 ya yi tsalle zuwa fam 9,000. Gwamnati ce ke ranta wa ɗalibi kuɗin, in ya fara aiki a riƙa zare kashi 9 cikin ɗari na abin da ya haura wani ƙayyadadden albashi. Mu da muka zo da biza ba a ba mu wannan rance, lakadan muke biya, har ma fiye da na 'yan ƙasa. Amma 'ya'yan likitocinmu da injiniyoyinmu da ke zaune a wannan zaure, su ne za su yi dakonsa.

Abin da muke so mu duba shi ne yadda matasan ƙasar suka tunkari lamarin. Gabanin zaɓen 2010 ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta rubuta alkawari gajere, cewa wanda ya sa hannu ba zai goyi bayan ƙarin kuɗin karatu ba, ta bi 'yan takara da shi. 'Yan jam'iyyar Liberal Democrats, har da shugabansu Nick Clegg, suka sa hannu a gaban kyamara. Da suka shiga gwamnatin haɗaka sai ga ƙarin ya zo ta hannunsu. A watan Nuwamba dubun-dubatar ɗalibai suka cika titunan Landan, amma majalisa ta amince da ƙarin a Disamba. Zanga-zangar ba ta hana komai ba. Takardar nan ce ta yi aiki: Clegg ya fito ya nemi gafara a 2012, kuma a zaɓen 2015 jam'iyyarsa ta faɗo daga kujeru 57 zuwa 8. Akwai wasu dalilan faɗuwar, amma babu wanda ya manne musu kamar wannan sa hannu.

Sai dai bashin yana nan, kuma sharuɗɗansa ba sa zama wuri ɗaya. An yi wa ɗaliban 2012 alkawarin cewa iyakar albashin da ake fara biya daga kanta, fam 21,000, za ta riƙa tashi tare da albashin jama'a. A 2015 gwamnati ta daskarar da ita, bayan mutane sun riga sun ci bashin. Waɗanda suka shiga jami'a daga 2023 kuwa sai bayan shekara 40 za a yafe musu ragowar, maimakon 30. Mai ba da rancen shi ne mai yin dokar rancen, kuma alƙalamin yana hannunsa.

To, me ya haɗa bashi da motsa jiki? Lokaci da kuɗi. Bisa al'ada jami'o'in Birtaniya suna barin yammacin Laraba babu lacca domin wasanni, kuma ƙungiyoyin ɗalibai sun sha yin kamfe idan aka fara cusa darasi a wannan lokaci. Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce. Amma ɗalibin da kuɗin haya ya tura shi aikin dare a ɗakin ajiyar kaya ba shi da Laraba ko an bar masa ita. Wuraren ninkaya da zaurukan wasanni na ƙananan hukumomi, masu sauƙin kuɗi, sun shiga matsi da tsadar makamashi ta zo a 2022, har gwamnati ta ware sama da fam miliyan 60 a 2023 don ceto wasu. Wanda ya yi hunturu ɗaya a nan, rana ta faɗi masa tun ƙarfe huɗu, ya san cewa wurin motsa jiki magani ne na kaɗaici da ƙuncin rai. 

Yanzu mu waiwaya gida, domin gemun ɗan'uwa ya kama wuta. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar rancen ɗalibai, a shekarar da jami'o'in tarayya irin su Bayero ta Kano da ta Legas suka ƙara kuɗin rajista. Dokar farko ta nemi masu tsayawa biyu, ta kuma keɓe rancen ga iyalan da samunsu bai kai naira 500,000 a shekara ba. Aka yi ta suka, a Afrilun 2024 aka sake dokar, aka cire waɗannan sharuɗɗa. Rancen NELFUND babu ruwa a cikinsa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da yawa a Arewa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Madalla. Amma Ingila ma da fam 1,000 ta fara. Muna ganin ya kamata ƙannenmu su nemi kowane ɗan takarar majalisa a 2027 ya sa hannu cewa ba za a saka ruwa ba, ba za a sauya sharaɗi a kan wanda ya riga ya karɓa ba. A ƙara masa layi na biyu, cewa ba za a yanka filin makaranta a yi shaguna ba, domin dukkanmu mun san filin da muka buga ƙwallo a kansa ya zama kasuwa.

Doka ba ta ba mu damar jefa ƙuri'ar Najeriya daga ƙetare ba. Amma a nan, ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru mai izinin zama yana iya rajistar zaɓe a matsayin ɗan ƙungiyar Commonwealth, ko da bizar karatu yake. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi su yi haƙuri, ba sa ciki. Rajistar ta intanet ce, 'yan mintoci take ɗauka, kuma sakatare yana bakin ƙofa da kwamfuta ga mai son a taya shi kafin a kawo abinci.