Sauya Sheƙa: Ina Ƙuri'arki Ta Tafi?

Hirarmu ta yau a kan 'yan siyasa ce masu sauya sheƙa, wato su bar jam'iyyar da aka zaɓe su a cikinta su koma wata.

Abin ba sabo ba ne. A watan Nuwamba na 2013 gwamnoni biyar suka fice daga PDP suka shiga APC rana guda, har da na Kano da Sakkwato da Adamawa. Na Kanon, Rabi'u Musa Kwankwaso, ya koma PDP a 2018, sannan ya shiga NNPP a 2022. Kin ga daga lema zuwa tsintsiya, aka dawo lema, aka wuce kwandon kayan marmari.

To me doka ta ce? Sashe na 68 na tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar tarayya da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi zai rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta haɗe da wata. Amma gwamna ba a ɗora masa wannan sharaɗi ba. Da kujerarsa yake tafiya, da ƙuri'arki a ciki.

Ga inda abin ya shafe ki, 'yar'uwa. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da hoton ɗan takara, alamar jam'iyya ce da gajeren sunanta. Idan kin saba dangwala wa alama ɗaya, alhali wanda kike so ya tashi daga can, to kin zaɓi wani ba ki sani ba. Saboda haka kafin ranar zaɓe ki saurari rediyo, ki tambayi maigida ko yaranki na makaranta, wane yanzu yana ina?

In kuma matan jam'iyya sun shigo da atamfa da sabulu suna cewa mun koma wuri kaza, ki tarbe su da mutunci, ki ba su ruwa, sannan ki tambaye su dalili. Asibitin haihuwar da aka yi mana alkawari fa? Ruwan famfo fa? Wanda bai yi aiki a tsohuwar sheƙa ba, sabuwa ba za ta canza masa hali ba.

Ƙuri'arki sirrinki ce, kuma amana ce. Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a huta lafiya.