Kilishina da karen filin jirgi: abin da baƙo ke tararwa a Japan

Ina gaida na ruga da na bakin mashaya, da ƴan kasuwa da ke tasha suna jiran mota ta cika. Tun da na dawo daga Japan, inda na yi kwana goma sha biyu, tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Wai me ka ci a can?" Yau zan amsa, amma bari in fara da abin da ban samu na ci ba.

Mahaifiyata ta ƙunsa mini kilishi, ta ce ƙasar da ba a san tuwo ba ba a zuwa mata hannu rabbana. Muna sauka, ina jiran jakata, sai ga wani ɗan kare ya zo ya sunsuna ta, ya zauna kusa da ita. Jami'in da ke riƙe da shi ya rusuna ya gaishe ni, cikin ladabi ya ce in buɗe. Nan kilishi ya tsaya. Dokarsu ta hana baƙo shiga da nama, ɗanye ne ko busasshe ko dafaffe, kuma tun 2020 hukuncin wanda ya shigar da shi a ɓoye na iya kai tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara uku. Ni an yi mini gargaɗi ne kawai.

Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba, har sai da aka ba ni labarin 2010. A shekarar cutar baki da kofato, wadda makiyaya ke kira boru, ta ɓulla a yankin Miyazaki, aka kashe shanu da aladu kusan dubu 290 kafin a shawo kanta. Wanda ya taɓa ganin garke ya kwanta saboda saniya ɗaya da aka shigo da ita daga kasuwa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. To in Allah ya kai ku, guzurin nama a bar shi gida.

Tun da mun shiga zancen shanu, ku tsaya ku ji. Mutanen nan sun daɗe ba su ɗauki saniya abin yanka ba. A shekarar 675 wani sarkinsu ya hana cin naman shanu da dawaki da wasu dabbobi, al'adar ƙin nama ta bi su ƙarni bayan ƙarni, saniya sai huɗa da ɗaukar kaya. Sai a 1872 Sarki Meiji ya ci naman sa, aka yayata, jama'a suka biyo baya. Yau su ke da naman da ake ji da shi a duniya, wagyu, musamman na Kobe, wanda ake samu daga shanun Tajima a yankin Hyogo. Kitsen ba a gefe yake ba kamar namu, cikin tsokar ya ratsa kamar zanen ƙwarya. An ba ni yanka uku ƴan sirara a wani gidan abinci mai shaidar halal. Yana narkewa a baki, gaskiya ne. Amma a yanka na uku kitse ya gundure ni, na tuna balangu.

Abin da ya fi burge ni ba ɗanɗanon ba ne. Kowace saniya a Japan tana da lamba mai alƙaluma goma a kunne. Sun kafa wannan tsari bayan cutar haukan shanu ta bayyana a wurinsu a 2001. Lambar tana bin naman har kanti. Ka saka ta a intanet ka ga ranar da aka haifi saniyar, da lambar uwarta, da wuraren da aka kai ta. Na tsaya ina tunanin ɓarawon shanu a irin wannan ƙasa, wa zai sayar wa?

Yanzu ga inda Musulmi zai buɗe ido. Haram a abincinsu ba kullum ake ganinta ba. Taliyarsu mai romo, ramen, sau da yawa da ƙashin alade ake dafa romon, ko da kaza ka gani a sama. Akwai kuma mirin da sake, giyar shinkafa ce, ana zubawa a miya da gashin kifi kamar yadda muke saka daddawa. Kada kunya ta hana ku tambaya. Ni na sa an rubuta mini takarda da Japananci cewa ba na cin alade, ba na shan giya ko a cikin girki, ina miƙa ta kafin in zauna. Ba wanda ya ɓata rai. Wani mai gidan abinci ma ya karanta ya ce in yi haƙuri, ba shi da abin da zai ba ni. Mafi yawan kwanakin, farar shinkafa da kifi da ƙwai suka riƙe ni. Ɗanyen kifin da ake ɗorawa kan shinkafa kuwa, na gwada sau ɗaya, na rufe ido na haɗiye.

Da tsinke biyu ake ci. Kada a kafa su tsaye cikin shinkafa, kada kuma a miƙa wa wani loma daga tsinke zuwa tsinke, don duka biyun al'adar jana'iza ce a wurinsu. Zuƙar taliya da ƙara, wadda a gida za a harare ka, can ba laifi ba ce.

Ƴan kasuwa, taku ta zo. A kanti ba "nawa za ka rage", ba "albarka". Kuɗin da aka rubuta shi ne kuɗin. Akwai ɗan faranti gaban mai karɓar kuɗi, ciki ake ajiyewa. Kuma ba a ba da na goro. Na bar ƴan canji kan tebur don jin daɗin hidimar da aka yi mini, yarinyar ta biyo ni har titi da gudu, ta ɗauka mantuwa na yi. Idan abokin ciniki ya ba ka katin sunansa, karɓa da hannu biyu, ka duba shi, kada ka cusa aljihun baya. In ya ce "abin zai yi wuya", to a'a ke nan ya ce maka, kar ka zauna jiran amsa. Lokaci kuwa, ƙarfe tara ƙarfe tara ce. Ni da na saba da "ga ni nan tafe", sai da na gyara.

Cire takalmi a ƙofar gida bai ba ni wahala ba, mun saba. Abin da ban sani ba shi ne banɗaki yana da silifas nasa daban, kuma ba a fitowa da su. Na fito da su har tsakar ɗaki. A jirgin ƙasa ba a amsa waya, kowa shiru kamar ana sauraren huɗuba. Gaisuwa da rusunawa ce, ba a cika musabaha ba.

Juma'a na yi ta a masallacin Kobe, wanda aka gina a 1935, yana nan tsaye har yau. Daga Tokyo jirgin ƙasa mai gudu ya kai ni cikin ƙasa da awa uku. Kusa da masallacin akwai shagunan halal, nan na sami naman da na ci hankalina kwance.

Mai tambaya kan wannan tafiya ya aiko ta hanyar da aka saba, za mu karanta a shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.